Mai Labule da Jarkar Ruwanta

Aikinta tsara cikin gini ne: ta ina ƙofa za ta buɗe, ina fitila za ta zauna, me za a shimfiɗa a ƙasa. Amma magina Mai Labule suke ce mata. A ganinsu su ne ke riƙe da ran jama'a, ita kuwa kala kawai take zaɓa. Shekara goma sha ɗaya tana amsa sunan nan, ko a jikinta.

Abin da ya fi ba su dariya jarkar ruwan da ba ta rabuwa da ita. Duk tayil ɗin da aka kawo sai ta ajiye guda a ƙasa, ta kwara masa ruwa, ta taka da silifas. Ba su san a banɗaki mahaifinta ya zame ba, ƙugu ya karye, bai sake takawa ba har ya bar duniya.

Ana ginin wani asibitin haihuwa ɗan kwangila ya sauke tayil mai ƙyalli kamar madubi. Ta gwada, ta ce ba za ta sa hannu ba.

"Malama, ki tsaya a labulenki," in ji injiniya. "Tayil ba ya kayar da gini."

"Gini ba zai faɗi ba, ranka ya daɗe. Mai ciki ce za ta faɗi."

Ɗan kwangila ya ce ko ta sa hannu yau, ko gobe ya kawo wata a madadinta. Ga shi ba ta taɓa samun aiki babba kamar wannan ba. Duk da haka ta ƙara kwara ruwan, ta dubi shugaban magina, dattijon da ya laƙaba mata sunan.

"Baba, rungumi rabin buhun simintin can a cikinka, ka taka mini nan."

Ya runguma yana dariya. Taku biyu ƙafa ta kwashe, da ƙyar leburori suka tare shi.

"'Yata cikin wata bakwai gare ta," ya ce. "Hannuna ba zai ɗora wannan ba."

Washegari mota ta kwashe tayil ɗin, aka kawo mai kaushi.

Sunan dai bai canza ba. Amma kwanan baya ta wuce ta wani gini da ba nata ba, ta hango Baba tsaye a kan jiƙaƙƙen tayil, da jarka a hannu, yana yi wa wani injiniya faɗa. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta rage tafiya, ta so a ce mahaifinta yana gani.