Ranar da Shef ya taka laka

Har in koma ga Allah ban mantawa da ranar da aka tura ni gidan Inna Tamo. Ku sababbin shigowa biro, wato ofishin nan namu, ku saurara.

Lokacin ban daɗe da gama karatun manya ba. Biron kiyaye tsohon garin Agadas ya ɗauke ni ne saboda abu guda: maza ba su shiga gidan matan aure da na gwaurayen mata, ni ina shiga. Dokarmu kun san ta. Cikin tsohon gari ba a shafa wa bango siminti, sai yaɓen laka, don siminti yana riƙe ruwa a ciki har bango ya ruɓe.

Ana gab da damina aka ga buhunan siminti a zauren Inna Tamo. Shef ɗinmu, wato shugaban biro, Idirisa, yaro ne sa'an ɗan autana, daga Yamai aka kawo shi. Ya tsaya a ƙofa, ni na shiga.

Na tarar da tsohuwa ita kaɗai, bangon ɗakinta ya tsage, hannuna na shiga ciki. Ta ce ɗanta ne ya aiko da simintin daga Libiya. Da can kowace shekara ƴaƴanta da maƙwabta ke yi mata yaɓe, yanzu duk sun watse neman abinci.

Ta ce, "Halima, ku masu son laka, wa zai yi mini ita? Takarda?"

Na fito na faɗa wa Shef yadda ta faɗa, ban rage ko gishiri ba. Na ƙara da nawa, na ce in ya hana simintin, ruwan farko ya danne tsohuwa, alhakin na wuyansa. Sai ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya tafi. Na ce a raina to, aiki ya ƙare mini.

Ran Asabar da safe sai ga shi da amalanken ƙasa, da maginin unguwa, da samarin biro. Ya naɗe ƙafar wando ya ce in nemo masa izinin shiga.

Inna Tamo ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa. "Baƙo ba ya shigar mini gida. Amma ɗa yana shiga. Wuce, ɗan nan, kada ka taka mini kaji."

Bai iya kwaɓin ba, wallahi. Ya zame ya zauna daɓas cikin laka da kashin jaki, tsohuwa ta yi dariya har da tari. Amma kafin la'asar an ɗinke tsagar, an yi yaɓe. Simintin kuma aka daɓe wurin wanka da shi, aka ja hanyar ruwa nesa da gindin bango, don kada kyautar ɗanta ta tashi a banza.

Ɗakin yana nan tsaye. Har ta rasu, duk shekara tana aika masa cewa lokacin yaɓe ya yi, kuma yana zuwa.

Abin da na koya ke nan. Gidan laka hannu yake so. Duk wanda zai ce wa tsohuwa "kada", to ya zo da ƙafar wandonsa a naɗe.