Haruffan Baban Kaz a Kan Gidan Burodi

Duk wanda ya san Casimir Wrobel a birnin Milwaukee na Amurka, Kaz yake ce masa, kuma ya san halinsa biyu: ba ya cire hula ko a ofis, sannan ran Juma'a kowa sai ya sha wuyarsa. A ɗan kamfanin da suke zana tambari da allunan talla, kowa yana da ranarsa ta zaɓen kiɗa. Talata ta Yolanda ce, mai raba aiki. Laraba ta Trevor, wanda jiya-jiya ya fito daga jami'a amma yake ji kamar shi ya ƙirƙiro launin ja. Juma'a kuwa ta Kaz ce, kuma shekara ashirin bai taɓa sa komai ba sai polka, kiɗan nan da akodiyon, abin kiɗan da ake matsawa kamar zugazugi, ke kuka kamar an taka wa akuya ƙafa.

"Baba Kaz, don Allah wa ya mutu?" in ji Trevor.

"Kunnenka, yaro. Jana'izarsa muka zo."

Ba daɗin kiɗan ne ya riƙe shi ba. Ubansa, Leon, marubucin allunan shaguna ne da buroshi, kuma da wannan kiɗan yake aiki, rediyo na rataye a jikin tsani. Tun Kaz yana ɗan shekara bakwai aikinsa ɗaya ne: ya tsallaka titi, ya tsaya a tashar bas, ya dubi allon, ya ƙwala ihu. "Baba, ƙara wa O ɗin nan tumbi!" Leon ya ƙara. Ladan Kaz fanke mai zafi, sukari har gwiwar hannu.

Leon ya daɗe da rasuwa. Allunansa ma sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda, na gidan burodin Pasko. Kaz kan bi ta can da safe ko da hanyarsa ba ta nan ba ce, wai shi burodi ya je saya.

Sai ga Joanne Pasko, jikar mai shagon, ta shigo ofis. Ta ce katakon allon ya ruɓe, ran Litinin za a sauke shi, tana son sabo mai tsabta. Kaz ya sunkuyar da kai yana fiƙe fensirin da ya riga ya fiƙe. Yolanda ta san allon na wane ne. Da ta ga Kaz bai nemi aikin ba, sai ta ba Trevor.

Trevor ya hau tsani ya ɗauko hoton allon, ya sa a kwamfuta, ya fashe da dariya.

"Ku zo ku gani! Wanda ya rubuta wannan ya sha ya yi tatil. O ya fi kowa ƙiba, layin sama ya fi na ƙasa kauri."

Yolanda ta kai masa shuri ta ƙarƙashin tebur.

"Haba Anti, me na yi?"

"Bakinka ya fi kanka gudu."

Ya zauna ya daidaita haruffan nan tsaf, kowanne da awo. A fuskar kwamfuta kam sun yi kyau, har Kaz sai da ya gyaɗa kai. Abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. In Joanne ta ga wannan ta amince, hannun Leon ya ƙare a garin.

Ran Juma'a ba a ji polka ba. Ofis ya yi tsit har abin ya dami mutane. Can Kaz ya miƙe.

"Trevor, buga shi a takarda, daidai girman allon. Mu je."

Suka manna takardar a gefen tsohon allon. Trevor ya ja da baya taku uku zai duba.

"Ba nan ba, malamin jami'a. Tsallaka."

Suka tsallaka duka, har da Joanne da garin fulawa a hannunta, suka tsaya a tashar bas. Daga nan sai abin ya juye. O ɗin Trevor ya rame kamar ya kwana uku bai ci ba, layin sama ya koma zare. Tsohon allon kuwa, duk da fentin ya koɗe, haruffansa sun tsaya cak, kansu ɗaya.

"Ido yana rage wa harafi mai zagaye, yana cinye abin da ke sama," in ji Kaz. "Sai ka biya shi tun kafin ya ci. Babana don mai jiran bas yake rubutu."

"Babanka?" in ji Joanne.

Trevor ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. "Baba Kaz, zancen shan nan..."

"Yana sha mana," in ji Kaz. "Amma sai ya sauko daga tsani."

Joanne ta daɗe tana kallo. "Katakon dai ya ruɓe, Kaz. Zai faɗo wa wani a ka."

"Katakon ne ya ruɓe. Ki ba ni gobe kawai."

Ran Asabar ya shimfiɗa takarda a kan tsohon allon, ya bi kowane harafi da fensir, har da ƙibar O. Da aka kafa sabon katako, ya buɗe akwatin buroshin Leon, wanda rabonsa da taɓawa shekara talatin. Ya rataya rediyo a tsani, akodiyon ya fara kukansa.

Daga tsallaken titi Trevor ya ƙwala ihu, baki cike da fanke: "Dattijo, ƙara masa tumbi!"

"Na ji, mai babban baki."

Ya tsoma buroshi, ya ƙara.