Tsohon da Aka Bar Mini

Shekarar da aka fara tare mutane a hanyar gonarmu ana ƙwace musu babura, na ce gara in rabu da nawa da hannuna. Na wanke shi tas, na zuba takardunsa a aljihu, na nufi Danja ranar kasuwa.

Ni kuwa mutum ne mai ji da wayonsa. Ko masallaci zan shiga sai na cire fulogi na ɗaure taya da sarƙa. Dillalai suna ta kirana, ko kallo ba su ishe ni ba.

Ƙa'idar wurin kowa ya san ta: mai saye ba ya hawa babur gwaji sai ya bar wani nasa zaune wurin mai shi. Da hantsi sai ga wani mutum cikin farar shadda, tsaf da shi, wani tsoho na biye da shi rungume da buhun barkono. Ya duba lambar inji, ya duba takardu, har da ƙwanƙwasa tanki.

"Baba, zauna nan wurin Malam," in ji shi, "in zagaya in dawo."

Tsohon ya zauna bisa buhunsa. Na miƙa makulli.

Rana ta yi sama, inuwar rumfa ta janye daga ƙafafunmu. Duk ƙarar babur da na ji sai in miƙe. Can na kasa daurewa, na ce, "Baba, ɗan nan naka ya daɗe fa."

Ya ɗago kai a hankali. "Wane ɗa?"

Na tambaye shi, to shi wane ne. Ya ce shi Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Gozaki. A tasha mutumin ya tare shi, ya ce zai saye barkonon duka, ya biyo shi.

Wallahi ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Ina zagi, ina jijjiga shi, tsohon da a haife ya haife ni. Abin da ke ba ni kunya ke nan har yau, don muryata ce ta tara mutane. 'Yan acaɓa suka fara kashe injinansu ɗaya bayan ɗaya, suna saukowa. Kusan kowannensu an taɓa yi masa satar babur, ko an yi wa ɗan'uwansa. Ba mai hayaniya. Wani ya shure buhun, barkono ya watse. Na hangi wani yana zare tiyon mai daga babur ɗinsa, ya tara gora yana tsiyayar fetur.

Wani ƙato ya dafa kafaɗata. "Malam, bakinsu ɗaya ko? Ka faɗa kawai."

Tsohon bai roƙi kowa ba. Ni kawai yake kallo.

Na san in na ce e, kafin jami'ai su iso an gama da shi. Sai na sake shi, na ƙaƙalo dariya. Na ce wanda ya tafi da babur ɗin ƙanena ne, shegen wasa gare shi, yanzu na tuna ya ce zai biya gidan surukansa. Na sha zagi ranar, har da mai tofa mini yawu. Suka watse. Da ƙaryar nan na rufe wa kaina bakin neman babur, don ba wanda ya bi sawun ɓarawon.

Na taya tsohon tsince barkononsa. Ya ɗaure buhu, ya aza a ka, ya bi hanyar tasha. Ni ma na tako gida a ƙasa.

Bayan girbi, a shagon wani bakanike a Funtua, na ji ana labarin an yi wa wani irin wannan a wata kasuwar wajen Malumfashi. Shi ma tsoho aka bar masa. Wancan tsohon bai tsira da ransa ba. Mai ba da labarin yana wurin aka yi, ga shi zaune kusa da ni, gwiwarmu na gugar juna. Ban tambaye shi kamannin tsohon ba.