Ranar da Shanun Baffa Suka Ƙi Jin Muryata

Shekara huɗu ke nan, amma ko yau aka ta da injin ban ruwa kusa da ni sai gabana ya faɗi. Akwai abubuwan da mutum ke mantawa da kansa, wannan kam na san da shi za a binne ni.

Ni Bafulatana ce, amma a Wurno aka haife ni, cikin gari. Babana ya daɗe da barin kiwo. Fulatancin da nake da shi bai wuce gaisuwa ba, shi ma a sakandare na ƙarasa zubar da shi, don kada 'yan ajinmu su riƙa ce min mai tallan nono.

Bayan na gama makaranta ina zaman gida, wata rana na ji wani shiri a rediyo kan wasu mutane da ake kira Mawori, can ƙasar Niyu Zilan. Aka ce a dā har dukan 'ya'yansu ake yi a makaranta in sun yi yarensu, har yaren ya kusa mutuwa. Sai suka farga. Suka riƙa tara ƙananan yara a gaban tsofaffi, ba a magana da komai sai yaren, suna kiran wurin sheƙar harshe, kamar dai sheƙar tsuntsu. Yanzu suna da makarantunsu, da tasharsu ta talabijin, sun farfaɗo da waƙoƙinsu da sassaƙarsu. Ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga ɗaki na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Mutanen da ke bayan teku sun ceto nasu, ni kuwa kakata tana nan da rai wajen Boyekai, ban taɓa yin hira mai tsawo da ita da yarenta ba.

Na sayi littafin rubutu sabo, na hau mota zuwa Goronyo, daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni a babur rugar Baffa, ƙanen babana. Inna muke ce wa kakar tawa. Idonta ya yi rauni, gwiwoyinta sun riƙe, sai an kama ta take fita daga bukka. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, dariya ta yi har da tari.

“To Kaɗo, bismilla,” in ji ta, wato Bahaushiya take ce min. “Rubuta. In takardar ta cika sai ki tatsa mu sha.”

Kwana tara ina rubutu. Sunayen ƙwarya, sunayen ciyawa, sunayen shanu bisa launinsu. Har kiran da ake yi wa garke na rubuta, layi uku, na ja masa layi da jan biro. A raina na gama ceto yarenmu. Ban lura cewa na ɗauki rabin labarin Mawori na bar rabi ba: su yara suka zaunar a gaban tsofaffi shekara da shekaru, ni na zo da biro zan kwashe komai cikin 'yan kwanaki.

Rana ta goma aka yi rasuwa a wata ruga kusa. Maza duk suka tafi jana'iza, mata kuma tun safe sun fita tallan nono. Baffa ya bar shanun kwance a inuwa, ya ce da ni, “Tuƙa suke yi, ba za su tashi ba kafin in dawo. Ki dai sa ido.” Ko ruwa bai samu ya kai su ba.

Ƙasa da rugar akwai fadama, gonar albasar wani manomi, ta kusa isa cira. Fiye da shekara goma Baffa yana zaune a wurin nan da yardar mutanen ƙauyen, bisa sharaɗi ɗaya: kada kofato ya taɓa fadama. Kowa ya san ranar da aka karya wannan, tashi ne, in ma an tsaya a tashin.

Rana ta take, sai manomin ya ta da injinsa. Ruwa ya fara gudu cikin fangali. Jar saniyar da ke jan gaba ta ɗaga kai, ta shaƙi iska, ta miƙe. Kafin in ce mene ne, duk garken ya tashi ya bi ta.

Na sha gabansu da sanda. Na ce kai, na ce tsaya, har Turanci na yi musu. Suka ratsa ni kamar kututture, wani bijimi ya goge ni da kafaɗa na faɗi zaune. Na tashi na ruga na ɗauko littafin, na buɗe wurin jan biro, na karanta kiran da iyakar ƙarfina. Na karanta daidai, wallahi ban tsallake ko harafi ba. Ko kunne babu wadda ta kaɗa.

Manomin ya hango su. Ya jefar da fartanya ya zaro adda.

“Ke ɗiyag ga! Mi kike karatu? Kore su! In sunka shiga albasag ga, na rantse sai na sassare musu ƙafafu!”

Ya juya yana ƙwala wa maƙwabtansa kira. Na ga mutum biyu sun taso daga nesa, ɗaya da sanda. Na san in aka sari saniya ɗaya, Baffa ba zai tsaya tambaya ba. Ina tsaye da littafi a hannu ina kuka kamar yarinyar goye.

Sai na ji wata murya a bayana, siririya, doguwa, tana hawa tana karyewa tana sake hawa. Kalmomin da ke cikin littafina ne, amma ban gane su ba sai daga baya. Inna ce. Da rarrafe ta fito daga bukka, ta ja jiki kan ƙasa mai zafi har bakin shinge, ta dafe maƙogwaro tana kira.

Jar saniyar ta riga ta sa ƙafa cikin fangalin farko. Ta tsaya cik. Ta waiwaya, ta yi wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ta juyo. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, da ƙishinsu, ruwa na gudu a bayansu.

Manomin ya daɗe tsaye da adda a sama. Sannan ya sauke ta, ya dubi fangali biyun da aka taka, ya hauro inda muke. Na ɗauka zagi zai yi. Da ya ga gwiwoyin Inna sun ɗaye suna jini, sai ya ce, “Subhanallahi, tsohuwa, da rarrafe kika fito?” Shi ya ɗauke ta ya mayar bukka. Ya ce a bar zancen albasa, amma a gaya wa Baffa kada ya sake barin garke hannun ɗiyar birni.

Ina wanke mata gwiwa, muryarta ta dushe sai raɗa, ta ce, “Saniya ba ta karatu, Kaɗo. Uwarta ta ji muryata, ita ma tun tana cikin uwar ta ji. Yau da na riga na mutu fa?”

Har yanzu ban samo amsar ba, kuma ita ce ke hana ni sukuni.

Ban koma Wurno ba sai bayan wata biyar. Kullum da safe Inna ta kama hannuna ta ɗora a maƙogwaronta ta yi kiran, in ji inda yake rawa, sannan ta sa in yi, ta ce nawa kiran kamar jaki ya shaƙe. Bara ta rasu. Yanzu in na je na yi kira, rabin garken ne ke juyowa, rabi su ci gaba da kiwonsu, kuma babu wanda zan sake tambaya inda nake kuskurewa. Abin da na koya ke nan: abin da ke bakin tsohonka, ka je ka zauna ka karɓa da bakinka tun yana numfashi. Ni na makara da rabi.