Na Je Kuala Lumpur Saboda Ministocin Norway

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da mai ɗakina, hannuna a kan aljihun fasfo har muka sauka Kuala Lumpur. 'Yarmu ce za ta kare karatunta na digiri na biyu a gaban malamai. Idan ta faɗi, sai ta ƙara shekara a can.

Garin ya burge ni matuƙa! Ga jirgin ƙasa yana gudu a saman kawunan mutane, wai babu direba. Na yi ta leƙen gaba ko zan ga wani zaune, ban gani ba, sai na koma addu'a. Ruwan sama kuwa ba ya sallama, yanzu rana, yanzu kamar da bakin ƙwarya. A Pantai Dalam, unguwar da 'yarmu take, mun ci shinkafa dafaffa da madarar kwakwa, da yaji mai zaƙi-zaƙi, a naɗe cikin ganyen ayaba, ga araha. Sau uku na tambayi mai abincin ko halal ne, har ya ce, "Boleh, boleh," wato "za ka iya ci" da yarensu, yana dariya.

Abin da ta rubuta a kai shi ne wata tsohuwar gwamnatin Norway, inda jam'iyyu huɗu suka haɗu suka raba kujerun ministoci, daga baya suka ɓata. Ni firamare kawai na yi, amma na san giba. Tun tana rubutun nake kiranta a waya ina cewa kada ta ci naman mutane.

"Baba, sun fa rasu tuntuni."

"To ai shi ya fi muni, ba damar neman yafiya."

Ranar kare karatun, muka zauna a wajen ɗakin da ta shiga gaban malaman. Na ji muryoyi sun ɗaga, na miƙe na shiga kai da komo. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka zauna mana, za ka cinye musu daɓe." Can sai ga 'yarmu ta fito da gudu, ta rungume uwarta. Ta ci! Na yi sujada a nan wajen, ɗaliban da ke wucewa suna kallona.

Amma an ba ta gyara guda: wai ta cika tausaya wa ministocin, kowa ta nema masa uzuri, ba ta faɗi wanda ya jawo rabuwar ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, wannan gyaran naka ne."

Mun dawo gida lafiya. A jirgi na yi ta juya maganar, na gane cewa faɗin gaskiyar abin da shugaba ya yi da amanar jama'a ba giba ba ne, shaida ce. Da muka sauka na kira ta na ce ta rubuta komai yadda ya faru. Na dai roƙe ta kada ta taɓa iyalansu.