Wutar Baba Sulaiman Maƙeri

Baba Sulaiman maƙeri ne a ƙauyenmu na wajen Falanko, kuma tun da na yi wayo a wuri ɗaya na san shi: rumfar karan dawa bayan kasuwa, inda mahaifinsa ya kafa uwar maƙera a cikin kututturen aduwa. Da bazara manoma ke layi da hauyoyinsu. Da damina, idan kowa ya shiga gona, sai ya ɗaure masaba da zugazugi a kan jaki ya bi makiyaya arewa, yana gyara musu linzami da wuƙaƙe, sai kaka ya dawo. Kowa ya san haka, har yaran goye.

Abokinsa Jibrin, wani Buzu mai raƙuma, ba ya shigowa gari bai tsaya ya tsokane shi ba.

"Bawana, har yanzu kana cin gawayi?"

"Ina ci, ubangidana. Kawo wuƙar nan taka da ko tuwo ba ta yankawa."

Bara wani kamfani ya zo da aikin gina tashar lantarki. Faya-fayan da ke tara hasken rana za su raba ruwa su fitar da wata iska da ake kira idirojen, a tara ta a tankuna, a mayar da ita wuta idan rana ta faɗi. Abin da na karanta ke nan a jami'a, don haka suka ɗauke ni in riƙa yi wa mutane bayani da Hausa. Na yi murna ƙwarai. Wurin kuwa sun riga sun zaɓe shi kafin a ɗauke ni. Masu awo sun zo tsakiyar damina, suka ga rumfa babu kowa, toka ta jiƙe, suka ce kango ne. Ba su tambayi ko mai tallar gyaɗa ba.

Iskar nan tana kama wuta da sauri, doka ce ba a hura wuta kusa da tankunan. Rumfar Baba kuwa tana jingine da shingen tashar.

Na je wurin shugaban aikin na ce a matsar da tankunan. Ya ce an riga an zuba siminti. Na ce to a ja wa Baba bututu, tunda harshen wutar idirojen ya fi na gawayi zafi, ya zama mutum na farko da zai ci amfanin tashar. Ya dube ni ya ce ba ya cikin tsari, kuma ni tafinta ne.

Ranar da za a cika tankunan, da hantsi, Baba yana tsakiyar ƙera hauya, ƙarfen ya yi ja. Masu gadi biyu suka shigo da bokiti. Ina tsaye. Suka sheƙa ruwa a murhun, tururi da toka suka turnuƙe rumfar.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ajiye awartaki ya dube ni ya ce, "Nura, ɗana, iskar nan taku tana narka ƙarfe?"

"Tana narkawa, Baba."

"To ashe 'yar gidanmu ce. Me ya sa ba ta yi sallama ba?"

Mai gari ya nuna masa fili can bayan maƙabarta, inda ba hanyar kowa ba ce. Baba ya ce a bar shi. Ya hana kowa taɓa uwar maƙerar, shi kaɗai ya haƙe kututturen da hannunsa. Jibrin ya durƙusar da raƙumi suka ɗora, kuma ranar babu wanda ya tsokani wani. Suka nufi Belbeji, inda 'yar Baba, Hawwa, take aure.

Yanzu muna da fitila a kasuwa da firji a likita, ban ce ba su da amfani ba. Amma hadari ya fara haɗuwa, kuma jiya na ga mahaifina ya ɗaure hauyoyinsa uku a bayan babur zai kai su Tanout gyara. Da ya wuce ta gaban tashar ina bakin ƙofa, bai ɗago kai ba.