Gilashin Motar Baffa a Hanyar Aneho

Ana idar da sallar asuba muka bar Zongon Lome, mu uku a motar Baffa. Shi ne a sitiyari, ni a gefensa, Gwaggo ta baje a baya ita da ƙullin kayan barka. Aneho muka nufa, sunan jikar wata ƙawarta. Tafiya ce da ba ta kai a yi mata guzuri ba, amma Gwaggo ta cika kwano da ƙosai kamar Kano za mu.

Ni dai ba suna ne ya fito da ni ba. Baffa ƙanin mahaifina ne, tun ban iya tafiya ba yake jan mota, kuma motar da yake haya da ita ta Babanmu ce. A 'yan watannin nan ƙorafi ya yi yawa a kansa. Wai da yamma yana bin gefen titi, wai ya kusa ture mai keke a Kakabeli, wai yana tuƙi yana matse ido. Baba ya kira ni ɗaki ya ce in bi shi in zuba ido, in dawo in faɗa masa gaskiya. In idon ya tafi, zai karɓi makulli. Na ce to, amma raina bai so ba. Mutumin da ya koya mini hawan keke ne aka ce in je in leƙo asirinsa.

Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kawo mu bayan gari, shiga Lome kanta ta zama tafiya. Mun ratsa gari da sauran duhu, masu koko na hura wuta. A bakin tashar jirgin ruwa, inda nake aikin fitar da kaya, manyan motocin Yamai da Wagadugu sun yi layi, direbobi na alwala a gindin taya. Har nan tuƙin Baffa ba abin da za ka kushe. Ya san kowane rami a titin, yana kauce masa tun kafin fitila ta haska shi.

Muna ɗaukar hanyar bakin teku rana ta ɓullo, kuma gabas muka fuskanta. Nan take gilashin gaba ya yi fari fat. Baffa ya rage gudu, ya matso har ƙirjinsa na taɓa sitiyari. Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo wani tsumma ya goga, abin ya ƙara lalacewa, sawun tsumman ya bi gilashin layi-layi. Na ce a raina shi ke nan, maganar mutane ta tabbata. Sai kuma na lura ni ma, da idona na saurayi, ba na ganin komai. Na leƙa ta taga, ga titi tar, har kajin da ke tsallakawa. Na sa yatsa na ja a jikin gilashin ta ciki, ya bar layi mai haske, yatsan ya fito da maiƙo yana ƙamshin turaren wuta.

Hanyar tana da daɗin kallo. Teku a dama, itatuwan kwakwa ba iyaka, masunta sun jeru suna jan koma da waƙa. Wajen Agbodarafo jandarmomi suka tsayar da mu, suka duba takardu, suka ci ƙosan Gwaggo, suka sallame mu. Gaba kaɗan muka wuce mata cikin atamfar jam'iyya suna gwajin rawar tarbar baƙi, malaminsu na busa usur da sassafen nan. Mun sha kwakwa a gindin doguwar gadar ƙarfen da ke kai ƙasar taki cikin jirgi. Rabin kuɗin Lome ake sayar da kwakwar, amma sai da Gwaggo ta yi ciniki.

Aneho tsohon gari ne mai sanyin jiki, benaye sun sha iskar gishiri har fentinsu ya ɓare. An raɗa suna, an yanka rago. Masu gida suka kawo mana abolo, wainar masara mai laushi da ake turarawa a ganye, da ƙananan kifi soyayye da barkonon da ya sa ni hawaye. Na ci har na ji kunya.

Bayan azahar na ja Gwaggo gefe na ba ta labarin yatsana. Ita sarƙa da 'yan kunne take sayarwa a kasuwar Asigame, cikin akwatin gilashi, kuma kullum da safe sai ta goge shi kafin ta zauna. Ta tashi ta je ta shafa gilashin motar da kanta, ta dubi ƙaninta.

“Kai, yaushe rabonka da wanke wannan?”

Baffa ya ɓata rai. “Yaya, kullum sai na wanke motata. Tambayi kowa a tasha.”

“Waje kake wankewa. Ciki fa? Turaren da kake banka mata kowace safiya, da tabar fasinja, ina kake zaton suna zuwa? Sannan ka ɗauko tsumman da kake duba mai da shi ka shafa.”

Ta sa aka matsar da motar zuwa inuwar mangwaro, ta ce gilashi mai zafi yana busar da ruwa kafin a goge, shi ke barin zane. Ta aika a kawo sabulu da binega, ruwan tsamin nan na girki, da tsohuwar jarida. Mai gida ya fito da ɗaurin jaridu ya ajiye, sai muka shiga kallon juna. Kun san jaridarmu guda ɗaya ce, kuma hoton Shugaba na gaba, yana tsakiya, wani lokaci har baya. Ba mai hankalin da zai dunƙule wannan fuska a bainar jama'a ya tsoma ta a ruwan tsami. Ko masu ƙosai sai sun juya takarda sun duba kafin su naɗe.

Haka muka zauna, manya da mu, muna buɗe shafi ɗaya-ɗaya muna duba gaba da baya. Shafi mai hoton Shugaba a ninke shi da ladabi a ɗora kan kujera. Tarin kujera ya yi tsawo, namu bai taka kara ya karya ba: shafin ƙwallo, jerin jiragen da za su iso tasha, sai sanarwar jana'iza. Baffa ya ce shi ba za a shafa masa hotunan matattu a mota ba. Aka bar mu da ƙwallo da jirage.

Gwaggo ta fara sa ni wanke maiƙon da ruwan sabulu kaɗan a tsumma mai tsabta, ruwan ya fito ruwan ƙasa. Sannan ta haɗa binega da ruwa rabi da rabi. Ba a watsa wa gilashin, takardar ake ɗan jiƙawa, a goga, a bi da busasshiya nan da nan. Ciki daga sama zuwa ƙasa, waje daga hagu zuwa dama, don in zane ya rage ka san ta wane gefe yake. Tagogi kuma a ɗan sauke su a goge bakinsu na sama. Kusurwar da ke bayan sitiyari ta ba ni wuya, sai da na durƙusa a kujera na juya hannu.

Ina cikin haka wani jandarma ya tsaya da babur. Ya sauka, ya tsinci dunƙulen takarda ɗaya a ƙasa, ya shiga warware shi a hankali. Ya juya gaba, ya juya baya, mai tsaron gida ne ya yi tsalle yana kama ƙwallo. Ya dubi tarin da ke kan kujera, ya gyaɗa kai. Daga nan ya nuna madubin babur ɗinsa, na goge masa shi da sauri, har da fitila.

Da la'asar muka juyo, rana kuma ta koma yamma tana jiranmu. Wannan karon gilashin kamar babu shi. Baffa ya jingina da kujera, hannu ɗaya a taga, yana nuna wa Gwaggo jiragen da ke can cikin teku. Daɗi ya cika ni, har na gama shirya abin da zan faɗa a gida.

Dab da tashar jirgin ruwa ya gangara gefe ya kashe mota.

“Yaya ne ya turo ka,” ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na sunkuyar da kai.

Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama. “In na yi haka, kai kanka hazo-hazo nake ganinka. Gilashin rabin magana ne. Da rana ina gani lafiya. Magariba ce ke ba ni tsoro.” Ya tayar da mota. “Ka faɗa masa duka biyun.”

Muka kama hanyar Zongo.

Na fita da safe ina zaton amsa ɗaya zan kawo, e ko a'a. Tafiyar ta nuna mini akwai dattin da mutum ke kallo ta cikinsa kullum har ya ɗauka haka duniya take, akwai kuma abin da ba mai gane shi sai wanda ke ɗauke da shi. Bayan magariba na shiga wurin Baba na zayyana masa komai, turare da binega da idon hagu. Ya daɗe yana jan carbi.

“Maganar idon, kai ka gano ko shi ya faɗa?”

“Shi ya faɗa, Baba.”

“To makulli ya zauna a hannunsa. Ya fita da asuba, ya ajiye mota da la'asar, ran Litinin kuma ka raka shi wurin likitan ido. Wanda ya faɗi wannan da bakinsa ba zai kashe mini mutane a hanya ba.”